Yadda Ake Ƙara wa Takobi Daraja a Wasan Tebur Ba Tare da An Ɓata Lissafi Ba

Buɗe jadawalin makamai na Dungeons & Dragons bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, wasan tebur da kowa ke taka rawar gwani guda a cikin labari ana jefa 'yan lido, ka ɗora yatsa a kan layuka uku. Dogon takobi yana sara da 1d8, wato ɗan lido guda mai fuska takwas, idan kuma aka kama shi da hannu biyu sai ya koma 1d10. Kuɗinsa zinare 15, nauyinsa laba 3. Gatarin yaƙi shi ma 1d8 ne da 1d10, amma zinare 10 ake sayar da shi. Gudumar yaƙi ma haka, zinare 15, laba 2 kacal, ga shi ƙwarangwal masu tafiya da ake yawan cin karo da su a matakan farko ninki biyu suke jin dukanta. A sama kuma babban takobi 2d6 ne a kan zinare 50, ƙatuwar guduma ita ma 2d6 a kan zinare 10. Ke nan wanda ya zaɓi takobi sha'awarsa kawai ya biya, doka ba ta ba shi komai a kai ba. Daga nan ne jagororin wasa ke fara ƙirƙiro dokokin gida, ƙa'idojin da mutanen tebur ɗaya suka amince da su a tsakaninsu ba tare da suna cikin littafi ba. Da yawa daga cikin waɗannan dokoki kuwa gyaran gangar Auzinawa ne.

Da ba haka abin yake ba. A wasan farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kowane makami 1d6 yake yi, daga wuƙa har gatari. Fifikon takobi a cikin ganima yake: a jadawalin kayan tsafi, takubba sun kwashe kashi 20 cikin ɗari, sauran makamai gaba ɗaya kashi 5, kuma mayaƙi ne ke da ikon riƙe takobin tsafi. Ƙarin littafin Greyhawk na 1975 ya raba wa kowane makami nasa ɗan lido. A AD&D (bugun wasan da ya biyo baya) dogon takobi yana yi wa manyan dodanni 1d12, mai hannu biyu kuma 3d6. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya zo da wata dabara: takobi yana saran kan gaɓa idan d20, ɗan lidon hari mai fuska ashirin, ta nuna 19 ko 20 ya ninka ɓarna sau biyu, gatari kuwa sai a 20 kaɗai amma ninki uku. Bugu na biyar ne ya share duk wannan don sauƙaƙa wasa, sai makamai da yawa suka zama abu ɗaya da suna daban.

Ma'auni kafin gyara

Kada a taɓa kowace doka sai an san nawa take ci. Ɗauki mayaƙin mataki na 1 mai Ƙarfi 16. Yana da +3 daga ƙarfinsa da +2 daga ƙwarewa, jimilla +5 a jifan hari. Abokin gabarsa orc ne, wani dodo mai siffar mutum, mai makin kariya, abin da littafi ke kira AC, 13. Mayaƙin yana buƙatar 8 ko sama, fuskoki 13 cikin 20, wato kashi 65 cikin ɗari. Kowane sara da ya shiga yana cin 7.5 a matsakaici, sannan 20 tana ƙara wani d8. Idan aka haɗa, kowane hari yana kawo 5.1. Wannan lambar ita ce ma'auni.

Ƙara +1 a jifan hari yana kai ta kusan 5.5. Ƙara +1 a ɓarna yana kai ta 5.75. Ɗaga ɗan lido daga d8 zuwa d10 yana kai ta 5.8, ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma daga ranar babu mai hankalin da zai sake ɗaukar gatari ko guduma. Matsalar ba ta tafi ba, wurin zama kawai ta sake. Dawo da saran kan gaɓa a 19 da 20 shi ne mafi arha, 5.3 kawai, shi ya sa jagorori da yawa ke ganin ba shi da haɗari. Haɗarinsa ba a hannun wannan mayaƙin yake ba. Saran kan gaɓa yana ninka duk 'yan lidon da ke cikin harin. Rogue, wato gwanin sanɗa, na mataki na 5 yana jefa 1d8 na siririn takobinsa da 3d6 na harin sanɗa, 15 a matsakaici, don haka abin da ya ƙara wa mayaƙi 0.2 shi 0.75 yake ƙara masa. Paladin kuwa, jarumi mai tsafi, zai zauna ya jira 19 ko 20 kafin ya ƙone ƙarfin tsafinsa a Divine Smite, dabararsa mai ƙara wa sara 'yan lido, yanzu kuma damar ta ninka. Sannan akwai Champion, reshen mayaƙi wanda babbar kyautarsa a mataki na 3 ita ce wannan 19 da 20 ɗin. Idan aka raba ta ga duk mai takobi, an kwashe masa abin da ya zaɓi reshen saboda shi. Wanda ya nace sai ya yi wannan doka, to ya rubuta sharuɗɗa biyu: a 19 ɗan lidon makami kaɗai ake ninkawa, kuma Champion mai takobi ya sauka zuwa 18.

Akwai wata doka da ta fi kowace yawo, wadda ke cewa a bar dogon takobi ya yi aiki da Zafin Nama maimakon Ƙarfi, kamar siririn takobi. A guje ta. Zafin Nama ya riga ya riƙe kariya, da jerin wanda zai fara motsi, da harbin baka, da sanɗa. Abin da ya rage wa Ƙarfi kaɗan ne, manyan makamai na cikinsa. Ƙari a kan haka, Rogue na littafin 2014 ya iya dogon takobi tun asali, abin da ya hana shi amfani da shi kawai shi ne harin sanɗa ba ya tafiya da makamin da ba shi da wannan siffa. Da zarar an ba shi, ya samu 1d10 da hannu biyu, siririn takobi mai zinare 25 kuma ya zama kayan ado.

Abin da takobi ke da shi a zahiri

A tarihin yaƙin Turai, wanda daga gare shi wasan ya ɗebo yawancin makamansa, mashi da danginsa su ne makaman fagen fama. Takobi makamin ƙugu ne. Darajarsa ita ce yana tare da mai shi ko'ina, a kan doki, a kan tsani, a cikin kasuwa, a gaban sarki, yana kwance cikin kube hannuwa biyu suna sake. Yana sara, yana suka, yana tare makamin wani. Dogon takobin ƙarni na 15 bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Wasan bai ba wannan fifiko wani muhimmanci ba domin yana barin mutum ya rataya doguwar barandami a baya, ya hau igiya da ita, ya shiga liyafa da ita, ya zaro ta kyauta idan faɗa ya tashi. Dokar gida mafi amfani ita ce wadda ta toshe wannan ƙofa, kuma ba ta taɓa lambar ɓarna ko ɗaya.

Ga yadda za a rubuta ta. Makamai iri biyu ne, na kube da na kafaɗa. Wuƙa, gajeren takobi, lanƙwasasshe, siriri da dogo na kube ne: zare su ko mayar da su ba ya cin komai, ba ya ma cinye taɓa abu ɗaya na kyauta da doka ke ba kowa idan layi ya zo kansa. Duk makami mai nauyi ko mai dogon kai na kafaɗa ne: ko dai yana hannu, ko an ɗaure shi a baya, kuma kwance shi yana cin cikakken aiki guda. Mai hawa bango ko iyo dole ya ɗaure ko ya yar. A lungun da faɗinsa bai kai ƙafa 5 ba, ko rufinsa ya yi ƙasa, makamin kafaɗa yana kai hari da naƙasu, a jefa d20 biyu a ɗauki ƙarama. Masu tsaron ƙofar birni suna karɓar makamin kafaɗa su ajiye, suna barin na kube. Gatari da guduma masu hannu ɗaya suna tsakiya, ana soke su a ɗamara, zarensu yana bin dokar littafi yadda take.

Babban takobi na kafaɗa ne, ko da mai shi zai yi ƙorafi. Manyan takubban ƙarni na 16 a kafaɗa ake saɓa su kamar mashi, tsawonsu ya fi ƙarfin a zaro su daga baya.

Inda wannan doka ke lalacewa wuri biyu ne. Na farko, idan aka kawo ta bayan ɗan wasa ya riga ya gina gwaninsa a kan barandami, zai ɗauka shi ake nufi, kuma yana da gaskiya. A faɗe ta tun zaman farko, kafin kowa ya cike takardarsa. Na biyu, idan jagora ya mayar da kowane kogo siririn lungu. Faɗa ɗaya cikin huɗu ko biyar ya isa. Abin da ake so shi ne mai barandami ya sayi gajeren takobi ya rataya don irin wannan rana, kamar yadda sojojin da suka riƙe ta a zahiri suka yi.

Sai zaɓin sara ko suka. A bar mai dogon takobi, da gajere, da babba ya faɗi irin ɓarnar da yake so kafin ya jefa. Pathfinder, wani wasan tebur irin wannan, a bugunsa na biyu na 2019, haka ya yi wa dogon takobi. A bugu na biyar wannan kusan kyauta ne domin dodannin da ke bambanta sara da suka kaɗan ne, amma inda ya yi amfani yana yi sosai. Black pudding da ochre jelly, narkakkun halittun nan, sara ba ya yi musu komai sai ma ya raba su biyu, suka kuwa tana shiga. Treant, dodon bishiya, rabin suka yake ji amma yana jin sara cikakke. Siririn takobi ya tsaya a suka, lanƙwasasshe ya tsaya a sara, don kada su rasa kamanninsu.

Masu koyar da takobi na ƙarni na 15, irin su Fiore dei Liberi a Italiya da Hans Talhoffer a ƙasar Jamus, sun bar zane-zanen yadda ake tunkarar mai sulken faranti, wanda sara ba ya ci. Hanya ɗaya ita ce a kama tsakiyar ruwan takobi da hannun hagu, a mayar da shi ɗan gajeren mashi, a nemi hammata ko maƙogwaro ko ramin kwalkwali. Ɗayar kuma a juya shi gaba ɗaya, a riƙe ruwan da hannu biyu a maka wa mutum mariƙin. Duka biyun suna shiga wasa da kyau idan an auna su.

Rabin kamu: mai dogon takobi da hannu biyu yana samun +2 a jifan hari, ɓarna ta sauka daga 1d10 zuwa 1d8 na suka. Babban takobi ya sauka daga 2d6 zuwa 1d10. A kan AC 18 mayaƙinmu yana tashi daga kusan 3.7 zuwa kusan 4.0, riba ƙarama mai daɗi. Amma a gwada ta a kan orc mai AC 13: 5.8 ta zama 5.85. Har a can ma rabin kamu ya fi, ke nan idan aka bar shi sake zai zama harin kullum, zaɓi kuma ya mutu. Don haka sharaɗin dole ne: yana aiki ne kawai a kan wanda ke sanye da sulke mai nauyi, ban da fatar dodo komai kaurinta. Wasu na saukar da ɓarnar zuwa 1d6 don su kauce wa wannan, sai ya zama ko a kan AC 20 bai kai saran da aka saba ba, babu mai amfani da shi. Haka kuma a hana haɗa shi da Great Weapon Master, baiwa (ƙarin iko da ɗan wasa ke zaɓa wa gwaninsa) wadda a littafin 2014 take cire 5 a jifa ta ƙara 10 a ɓarna, in ba haka ba cirewar ta koma 3 kawai.

Dukan mariƙi ya fi sauƙi: hannu biyu, 1d6 na duka. A kan ƙwarangwal mai makin rai 13, matsakaicinsa 6.5 ne a ninka biyu, 13 cif. Guduma da hannu biyu tana yin 17. Mai takobi ya samu mafita, mai guduma kuma har yanzu shi ne sarkin wannan faɗan.

Tarewa da ramuwa

Tare sara ita ce dokar da 'yan wasa suka fi roƙo. Siffarta mai aminci: idan harin kusa ya same ka kana riƙe da takobin da ka ƙware a kai, kana iya kashe martaninka na wannan zagaye, wato motsi guda da doka ta ba ka ko da ba layinka ba ne, ka ƙara +2 a kariyarka a kan wannan hari kaɗai. Fuskoki biyu cikin ashirin take juyawa, wato hari ɗaya cikin goma. Idan ana kawo maka hari uku a zagaye, damar ɗaya ya faɗo cikin wannan taga kusan kashi 27 ce cikin ɗari. Kuɗinta shi ne martani, domin wanda ya tare ba zai iya saran mai gudu ba a zagayen.

Matsala tana tasowa wajen tarawa. Sulken faranti 18 ne, garkuwa ta kai shi 20, salon faɗa na kariya 21, tarewa 23. Goblin, ƙaramin dodo, mai +4 sai ya jefa 19 ko 20 kafin ya taɓa wannan mutum. Bugu na biyar an gina shi ne a kan ƙananan lambobi, makamin tsafi ma a +3 ya tsaya, don haka kowane maki a saman 20 ya fi na ƙasa tsada nesa ba kusa ba. Maganin shi ne a ce mai garkuwa ba ya tarewa da takobi. Wannan yana da wata riba da ba a zata ba: ya ba dogon takobi mai hannu biyu dalilin wanzuwa, domin a littafi babu abin da zai sa mutum ya zaɓi 1d10 ba garkuwa alhali ga 2d6. A tsaya a +2, kada a ɗaura ta da makin ƙwarewa mai hawa har +6, domin wannan ita ce baiwar Defensive Duelist sukutum, kuma wani ya biya ta da tsada. Jagora kuma ya riƙa faɗin jimillar jifan dodo a fili, 17 ne ko 19, don ɗan wasa ya yanke shawara nan take. Idan ana ɓoye lamba, kowane hari sai an tsaya ciniki.

Babban giɓin da ke tsakanin takobi da sauran makamai ma ba a jadawali yake ba, a cikin baiwa yake. Polearm Master yana ba mai barandami ko sanda ƙarin hari na 1d4 da gindin makami kowane zagaye, gyaran 2018 kuma ya shigar da mashi ciki. Ɗauki mayaƙa biyu a mataki na 5, kowanne da garkuwa da salon Dueling mai ƙara 2. Na farko ya ɗaga Ƙarfinsa zuwa 18 ya riƙe dogon takobi: hari biyu, 21 idan duka sun shiga, a kashi 65 ya zama kusan 13.7. Na biyu ya bar Ƙarfi a 16 ya ɗauki baiwar da mashin zinare 1: hari uku, 24.5, a kashi 60 ya zama 14.7, ga kuma sukar kyauta ga duk wanda ya matso. Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, sun taɓa gwada baiwar takobi mai suna Blade Mastery a kayan gwaji na 2016, amma ba ta shiga littafi ba.

Baiwar da ke cike wannan giɓi ita ce ramuwa. Idan wanda ke cikin ƙafa 5 da kai ya kawo harin kusa ya kuskure, kana iya kashe martani ka rama da hari guda na takobi. Mayaƙi mai Ƙarfi 16 da wannan baiwa yana yin 11.4 daga harinsa biyu. Idan ramuwa tana samuwa a rabin zagayen faɗa, ta ƙara kusan 2.9, jimilla 14.3, dab da mai mashi. Amma mai kauri da aka yi wa zobe ana kuskurensa kusan kowane zagaye, shi kuma zai haura 17. Saboda haka a sa mata iyaka: sau adadin makin ƙwarewa tsakanin gajeren hutu da wani, wato sau 3 a mataki na 5. Sannan a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ramuwa ba ta ɗaukar ƙarin 'yan lido. Dalili shi ne harin sanɗa sau ɗaya ne a kowane layi, ba a kowane zagaye ba, kuma ramuwa a layin abokin gaba take faruwa, don haka Rogue zai riƙa cin 3d6 sau biyu. Battle Master, wani reshen mayaƙi, yana da irin wannan dabara a cikin nasa kayan, nasa ya fi da ƙarin d8, sai a bar shi ya riƙe duka biyun. Tunda tarewa da ramuwa martani ɗaya suke ci, mai takobi kullum yana da abin da zai auna.

A maƙera

A bugu na 3.5, na 2003, ana ƙara zinare 300 a sayi makamin gwanin maƙeri mai +1 a jifan hari. Ɗauko wannan kai tsaye zuwa bugu na biyar yana rage wa takobin tsafi kwarjini, tunda rabin aikin +1 ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙirar gwani ta ba da damar sake jefa ɗan lidon ɓarna guda idan ya nuna 1. A d8 matsakaici yana tashi daga 4.5 zuwa kusan 4.9. A babban takobi ɗan lido ɗaya kaɗai ake sakewa a kowane sara, kuma ba a haɗawa da salon Great Weapon Fighting, wanda ya riga ya ɗaga 2d6 daga 7 zuwa 8.33. A sa kuɗin ya ninka na asali sau goma. Dokar ƙira ta littafin 2014 tana cewa ana cin aikin zinare 5 a rana, kayan aiki kuma rabin kuɗin abin ne, don haka dogon takobin gwani na zinare 150 wata guda ne a maƙera da ƙarfen zinare 75. Wannan jiran yana da amfani a labari: an ba da aiki, an tafi wata tafiya, an dawo an karɓa, takobin ya samu suna da tarihi kafin a sare kowa da shi.

Dokar karyewa kuwa, wadda ke cewa duk wanda ya jefa 1 takobinsa ya karye ko ya suɓuce, gwani take hukuntawa. Mai hari ɗaya a zagaye yana da kashi 5 cikin ɗari. Mai hari biyu kusan 10, mai uku 14, mayaƙin mataki na 20 mai hari huɗu kashi 18.5. A faɗa mai zagaye huɗu, mai hari biyu yana da damar ɗaya cikin uku ya ga 1 aƙalla sau ɗaya. Masu tsafin da ke tilasta wa dodo jifan tsira kuwa ba ruwansu, tunda dodon ne ke jefawa, ba su ba. Wanda ke son a ji ƙarfe yana gajiya, ya yi amfani da giɓi: 1 a harin farko na zagaye kaɗai ke sa wa kaifi giɓi guda, giɓi uku suna cire 1 a ɓarna, gajeren hutu na awa ɗaya da dutsen washi, wanda kuɗinsa tagulla ɗaya ne a littafi, yana share su duka. Takobin gwani sai giɓi biyar. Idan an ga 'yan wasa suna manta rubutawa, a jefar da dokar, ba ta kai a tsaya tuni ba. Haka ma tsarin saurin makami da ke cikin littafin jagora na 2014, mai ba makami mara nauyi +2 ya cire wa mai nauyi 2. Yana fifita gajerun takubba, amma sai an sake jefa jerin motsi kowane zagaye, faɗan minti ashirin ya zama na arba'in.

Duk abin da aka ba 'yan wasa, abokan gaba ma sun samu. Goblin da ɗan fashi lanƙwasasshen takobi suke riƙewa, hobgoblin dogo, jarumin doki babba, ƙwarangwal gajere. Saran kan gaɓa a 19 a hannun goblin shida yana nufin mugun sara zai riƙa sauka a kan mai tsafin mataki na 1 ninki biyu, shi kuwa makin ransa da wuya ya fi 8. Tarewa a hannun kowane ƙaramin soja kuma tana ja wa faɗa tsawo. Hanya mai sauƙi ita ce ƙananan mabiya su tsaya a dokar littafi, shugabanni da masu suna kaɗai su samu tarewa da rabin kamu. Dokar kube da kafaɗa ce kawai ke hawa kan kowa.

Masu wasa da littafin 2024 su yi hattara, domin an riga an yi musu rabin aikin. A can kowane makami yana da siffar gwaninta. Dogon takobi yana da Sap: wanda aka sara zai kai harinsa na gaba da naƙasu, abin da ke saukar da damar kashi 60 zuwa 36. Babban takobi yana da Graze, ko an kuskure ana cin makin Ƙarfi, kusan maki ɗaya a kowane hari ga mayaƙinmu. Gajere da siriri suna da Vex, lanƙwasasshe Nick. Gatari yana kayarwa, guduma tana turawa. A irin wannan tebur tarewa ta yi yawa a kan Sap, a bar ta. Zaɓin sara ko suka, da dukan mariƙi, da dokar kube suna zama lafiya.

Wajen shigar da su, ɗaya bayan ɗaya ake yi. A fara da kube da kafaɗa tare da zaɓin sara ko suka, tunda ba sa motsa lissafi. Bayan zama uku ko huɗu a ƙara tarewa. Kowace doka a rubuta ta a kati ɗaya, layi uku ko huɗu: yaushe take aiki, me take ci, da me ba ta haɗuwa. A gaya wa kowa cewa gwaji ne, kuma duk wanda doka ta taɓa gininsa yana da damar sauya makami ko baiwa kyauta. Jagora ya riƙa lura da abu biyu a gefen takardarsa: sau nawa aka yi amfani da dokar a kowane faɗa, da kuma makaman da ake zaɓa idan an yi sabon gwani. Dokar da ake amfani da ita kowane zagaye ta yi arha, a ƙara mata sharaɗi. Wadda aka yi zama huɗu ba a taɓa ba, a cire katinta. Idan kuma sabbin mayaƙa uku a jere duk takobi suka ɗauka, a rage tarewa zuwa +1 ko a mayar da ramuwa sau ɗaya tsakanin hutu, a sake ƙirgawa bayan zama huɗu.